Hannun Daman Luba

A Agadas aka mari ɗiyata saboda hannun hagu. Muna zaune a wani kango inda ake tara matafiya kafin motar sahara ta samu, sai wani dattijo ya shigo yana rabon dabino sadaka. Da ya zo kan Luba ya miƙa mata, ta yi jim, sannan ta ɗaga hagu, don shi ne mai ɗaguwa. Kafin in buɗe baki ya wanke ta da mari, yana cewa iyayen yanzu ba sa koya wa 'ya'ya ladabi. Na miƙe, na kama hannunta na dama, na ɗaga shi daidai fuskarsa, na saki. Ya faɗo jikinta kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"Ga daman nan, Baba," na ce. "In kana da dabarar tashinsa, bismilla."

Daga nan ya juye sauran dabinon a cinyarta ya fita yana salati. Luba ba ta taɓa ko ɗaya ba, kuma na san dalili. Ba shi ne ya fara dukanta a kan hannun nan ba.

Ni sunana Hansai. Ƙauyenmu yana tsakanin Dandume da Funtuwa, inda in ka hau tudu da kaka ba abin da idonka zai gani sai masara da waken suya. Luba tana da sikila tun haihuwa, kamar yayanta da muka binne kafin a yaye shi. Mun saba da ciwon ƙashi, mun saba da idonta ya yi ruwan ɗorawa. Abin da ba mu sani ba shi ne yaro ma yana kamuwa da shanyewar ɓarin jiki. A tunaninmu wannan ciwon manyan alhazai ne masu hawan jini.

Tana da shekara bakwai abin ya same ta. Da hantsi ne, ana shan koko a tsakar gida. Ludayi ya suɓuce daga hannunta, ta kai hagu ta ɗauka. Iya, uwar mijina, tana zaune kusa da ita. Iya kuwa tana da wani tsohon ludayin duma mai kauri wanda ba a shan komai da shi, aikinsa kawai ƙwanƙwasa yatsun duk yaron da ya ci da hagu. Ta ƙwala wa Luba shi. Yarinya ta ɗago za ta yi kuka, sai muka ga baki ya karkace, yawu yana zuba, maganar ta koma gurnani. Ta tashi za ta zo wurina, ƙafar dama ta ƙi, ta kife a kan kwanon.

Maƙwabta suka cika gida, kowa ya zama malami. Wannan ta ce iska ce ta buge ta, waccan ta ce a kawo hayaƙi. Mijina Sabi'u, Allah ya jiƙansa, ya ratsa su ya fita. Ya tayar da babur, na goya ta, muka nufi Funtuwa. A can aka ƙara mata jini, likita ya zaunar da mu ya ce jinin sikila ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwarta, kuma yana iya sake toshewa. In ya sake, ko ya ɗauki ɗaya ɓarin ko ya ɗauki ran. Ya ce magani kullum, ruwa kuwa kada a bari ta ji ƙishi. Ya kuma koya mini abu guda: duk sanda na yi shakka, in ce ta yi murmushi, in duba ko bakin ya tafi gefe ɗaya.

Ƙafar ta dawo da ɗingishi, maganar ta dawo a hankali. Hannun ne ya ƙi. Matar da ke gashin ƙashi a asibitin ta ce zai iya dawowa in ana matsa masa aiki, a samo ƙwallon roba ta riƙa damƙa. Ni da ke da rumbu, me zai kai ni sayen ƙwallo? Na ɗauko totuwar masara na cusa mata a tafin hannu. Iya kuwa ta samu abin da take so daga bakin asibiti. "Kun dai ji," in ji ta. "Ku bar ta da hagu, daman ya mutu ke nan." Tun daga lokacin Luba ba ta ƙara sa hagu a kwano ba. In ban ba ta a baki ba, sai ta kwana da yunwa.

Damina ta gaba 'yan bindiga suka tarar da Sabi'u yana huɗa. Suka ce ya kwance shanun, ya ce su bari ya fitar da kunyar da ya fara. Maganarsa ta ƙarshe ke nan. A amalanken maƙwabcinmu aka kawo shi, an rufe kansa da buhun taki, don babu fuskar da za a nuna. Gona ta gagari kowa shiga. Muka koma gefen Funtuwa muka raɓe a gidan wani ɗan'uwa, magani ya yanke. A nan wata mata da ake kira Hajiya Kulu ta same ni. Ta duba hannun Luba da kyau, ta juya shi, ta ɗaga ta saki, har na ce a raina ga mai tausayi. Ta ce a Aljeriya asibitin yara kyauta ne, uwa kuma ta samu wanke-wanke a gidajen Larabawa. Ba zan ɓata lokaci kan yadda muka fito ba. Na ɗaure kayanmu, na jefa totuwar a ciki, Iya ta juya mana baya tana jan carbi.

Daga Agadas aka cusa mu a bayan a-kori-kura kamar awakin kasuwa. An kafa sanduna a gefe, kowa ya sa tasa tsakanin cinyoyi ya rungume, ƙafafu suna lilo a waje. Mai hannu ɗaya ba ta riƙe sanda, don haka na ɗaure Luba a ƙirjina da zane. Matar da ke gefena ta ji ina lallashinta, ta juyo.

"Yaya, wannan Hausar ta gida ce. Daga ina?"

"Dandume."

"Ashe 'yar'uwa ce. Ni 'yar Gozaki ce, sunana Rifkatu."

Kirista ce, ita ma Hajiya Kulu ce ta ɗauko ta da alkawarin aiki. Muka yi ta hirar tuwon masara miyar kuka da man shanu, da ɗanyen rake, a wurin da ko ciyawa babu. Yawu ma ba mu da shi da za mu haɗiye, amma hirar ta rage mana hanya.

Direban yana da guntun tiyo, kuma da shi yake magana. Wanda ya nemi a tsaya fitsari, tiyo. Wanda ya yi amai a jikin mota, tiyo. Wani mutum da ke can baya sandarsa ta karye, ya faɗa ƙasa. Muka yi ta dukan jikin motar muna ihu, direban bai ko rage gudu ba. Na ga mutumin ya tashi yana binmu a guje, yana ƙanƙancewa, har ya ɓace. Na danna fuskar Luba a ƙirjina don kada ta gani, amma ta riga ta gani.

Bayan mun wuce Arlit, da rana tsaka, wasu motoci biyu suka tare mu, mutanen ciki fuska a naɗe. Suka kwantar da maza rub da ciki a kan yashin da ke ƙona tafin ƙafa, suna bin su da gindin bindiga. Mu mata aka warware mana kitso ana neman abin da muka ɓoye. Ɗaya ya ga yatsun Luba na dama a dunƙule, ya ɗauka wani abin arziki ta damƙe. Na ce masa ciwo ne, ya hankaɗe ni. Ya sa tsinin wuƙa ya ɓanɓare yatsun har ya yanke ta, sai ga totuwa. Ya yi dariya ya cilla ta. Na rarrafa na ɗauko, ya saka mini takalmi a haƙarƙari. Kafin su tafi suka bi jarkokin ruwa suka farke da wuƙa, muna kallo yashi ya shanye.

A nan tsoro ya kama ni na gaske, don maganar likita ta dawo mini: kada ta ji ƙishi. Da mota ta tashi, Rifkatu ta matso ta ɗaga gefen zanenta. Ashe cikin da nake zaton juna biyu ne, gorar ruwa ce ta ɗaure. Ta riƙa tsiyaya wa Luba a murfi, kaɗan-kaɗan, ita kuwa leɓenta ya tsage yana jini. Wani ƙato ya hango, ya kawo hannu zai fizge. Na kafa masa haƙori a wuyan hannu, ban saki ba sai da na ji gishirin jini. Daga nan babu wanda ya ƙara kallon wajenmu.

Tamanrasat, inda aka sauke mu a Aljeriya, gari ne mai duwatsu, da safe sanyi, da rana wuta. Aka kai mu wani gida mai doguwar katanga, cike da mata 'yan ƙasarmu da na Nijar. Na duba yaran gidan: wannan makaho, wannan gurgu, waccan wuta ta cinye mata rabin fuska. Babu mai lafiya ko ɗaya. A lokacin na gane abin da Hajiya take dubawa ranar da take juya hannun ɗiyata.

Duk da haka na tambaye ta, don ta riga mu isowa gidan. "Hajiya, yaushe za mu asibitin?"

"Wane asibiti?" Ta ci gaba da cin goronta. "Da wace takardar? Ki kai kanki a kama ki? Ke dai ki gode wa Allah da ya ba ki ɗiya mai albarka. Wasu sai sun yi aron yaro."

Na ce ɗiyar Sabi'u ba za ta zauna bakin masallaci tana miƙa hannu ba. Na faɗa da ƙarfi, na haɗa da wasu kalmomin da ba zan maimaita ba. Hajiya ta kira ƙanenta Ilu, wani jibgege mai takalmin sojoji, wanda shi ke kai yara ya dawo da su. Ya zare bel ya naɗe a hannu, ya bar ƙarfen a waje. Ya dake ni har na daina jin bayana. Da ya gaji ya tsuguna ya ce mini a hankali, in na ƙara, zai kai yarinyar wani gari, kuma ba zan sake ganinta ba. Washegari ni da kaina na sa mata hijabi.

Ni aka ba ni wanki a wani gida, Luba kuwa ƙofar masallaci. Wata rana na biyo ta wurin ɗauke da kaya, na laɓe ina kallonta. Wani ya miƙo mata sadaka. Ba ta karɓa da hagu ba. Ta sa hagun a ƙarƙashin gwiwar hannun dama, ta ɗaga shi da ƙyar, ta tara mataccen tafin. Mutumin ya share hawaye ya ƙara mata. Wannan tarbiyyar Iya ce da marin Agadas, kuma ita ce ta sa Luba ta fi duk yaran gidan kawo wa Hajiya kuɗi. Mu da muke fitar da zakkar masara buhu-buhu. Na tsaya a lungun nan na yi kukan baƙin ciki har kayan wankin suka zube.

Akwai wata tsohuwar Balarabiya mai shagon magani daura da masallacin. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Ta zo ta ja fatar idon Luba ta duba, ta kalle ni ta gyaɗa kai, alamar ta gane ciwon. Daga ranar kullum sai ta ajiye mata gorar ruwa, ta ba ta ƙwayar magani, ta jawo ta inuwa in rana ta juyo. Har na bar garin ban san sunanta ba, amma ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

Abin da ya riƙe ni a gidan nan shi ne bayan magariba. Sai in ja Luba bayan makewayi, in sa mata totuwa, in ce matsa. Ta ciji leɓe, ta yi ta nishi, babu abin da ke motsi. Muka yi ta yi har na fara cewa matar asibitin Funtuwa lallashina kawai ta yi. Sai wata rana babban yatsa ya motsa. Kaɗan ne, amma na gani, Rifkatu ma ta gani. Bayan wani lokaci manuni ya bi. Sannu a hankali ta fara riƙe totuwar ba ta faɗi ba, ta fara buɗe tafin da kanta. Ranar da ta ɗauki gutsuren burodi da dama ta kai baki, rabinsa ya zube, Rifkatu ta tashi ta taka rawa a bakin makewayi, babu kiɗa.

"Inna," in ji Luba, da maganarta mai jan ƙafa, "in mun koma zan nuna wa Iya."

"Za ki nuna mata. Ki ci tuwo a gabanta, ki sha miya."

Murna ta sa ban yi tunani ba. Yarinya ta fara miƙa dama a ƙofar masallaci ba tare da tallafi ba, masu wucewa suka daina tsayawa. Hajiya ba ta da ilimi, amma ba ta da wauta. Ta kira mu ɗakinta ta ce Luba ta matse mata yatsa. Luba ta matse, tana jin daɗi.

"Wa ya sa ki wannan aikin?" Hajiya ta tambaye ni.

"Abin da ya kawo ni ke nan."

"To ni ba shi ya sa na kawo ki ba. Hannun nan shi ne jarina."

Ta sa Ilu ya yanko robar tayar babur, kullum da safe ya ɗaure hannun tamau a jikinta, ƙarƙashin hijabi, ya bar tafin yana lilo. In ta dawo sai in tarar da yatsun sun kumbura sun yi baƙi, tana kukan ciwon ƙashi. Mai sikila ko ba a ɗaure ta ba jininta da ƙyar yake tafiya. Na samo reza. Duk safiya kafin su fita sai in faki ido in tsinke robar daga ciki. Ilu ya gane, ya dake ni. Na sake, ya sake. Jikina ya saba da bel ɗinsa har na san inda ƙarfen zai sauka.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, kafin azahar. Mata suna tsakar gida, wata tana dakan yaji a turmi, ni ina wanke tukwane. Ilu ya ɗaga hijabin Luba ya ga robar a tsinke. Na miƙe ina jiran bel. Ita kuwa Luba, a tunaninta na yara, in ya ga abin da ta iya zai huce. Ta ɗaga hannun dama, totuwa a damƙe, tana rawa amma ba ta faɗi ba.

"Kawu, duba."

Ya duba. Ya yi murmushi ma. "Iyye, kin iya. Ajiye a ƙasa in gani, nan kan daɓe."

Ta tsuguna ta kai hannun ƙasa. Ya ɗaga takalmin ya sauke a kai da dukan nauyinsa, ya murza. Na ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Luba ba ta yi ihu ba da farko, baki kawai ta buɗe, numfashi ya ƙi fita.

Ban san sanda taɓarya ta zo hannuna ba. Ni tun ban kai turmi tsawo ba nake surfen masara, na san yadda ake ɗaga ta da yadda ake sauke ta. Ta farko a gwiwa, ya durƙushe. Ya ɗaga hannu zai kare, ta biyu ta sauka a nan, na ga hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Ta uku a baki. Hajiya ta fito da gudu ta shaƙe ni ta baya, tana kafa mini farce a ido. Rifkatu ta ɗauko tukunyar miyar da ke kan wuta ta juye mata a ƙafafu. Gida ya kaure, yara suna kuka, mata suna salati, Ilu yana birgima yana tofar da haƙora. Mutane sun sha tambayata ko na yi nadama. Ban yi ba. Abin da ke damuna har yau shi ne ban ɗauki taɓaryar kafin ya ɗaga ƙafa ba.

Maƙwabta suka kira masu kaki. Suka ɓalle ƙofa suka shigo da kulake, ba su tambayi wa ya yi me ba, suka tattara mu duka. Hajiya ta ja babbansu gefe da ƙonanniyar ƙafarta, suka yi ƙus-ƙus, ta koma ɗaki. Ilu kuwa aka sa shi a mota aka wuce da shi. A cikinmu duka shi kaɗai ya ga asibitin kyautar.

Aka tsare mu a wani fili mai waya, inda aka ƙwace wayoyi da duk wani abu mai daraja da ke jikin mutum. Na naɗe hannun Luba da ɗankwalina, na nuna wa mai gadi, ya nuna mini kulki. Daga nan aka loda mu a manyan motoci zuwa kudu. Da safe aka sauke mu a tsakiyar yashi, wani ya nuna mana wata kusurwa da bakin bindiga, ya ce Nijar tana can. Da muka tsaya muna kallon juna, suka yi harbi sama, kowa ya zabura.

Na goya ta muka shiga tafiya. Jikinta ya yi zafi kamar garwashi, hannun ya kumbura ya cika ɗankwalin. Ruwa babu. A lokacin na daina tunanin hannu, na koma tunanin abin da likita ya ce: in ya sake, ko ɗaya ɓarin, ko ran. In mun ɗan taɓa tafiya sai in tsaya, Rifkatu ta sauke ta, in riƙe fuskarta.

"Luba, yi mini murmushi."

Yarinyar da aka murƙushe wa yatsu, a tsakiyar rana, babu ruwa, uwarta tana cewa ta yi murmushi. Wasu da ke wucewa sun ɗauka na zautu. Ita kuwa ta san dalili, sai ta yaƙe baki, in duba gefen nan in duba wancan, mu ci gaba. Muka wuce wata tsohuwa ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce mu je za ta biyo mu. Ba ta biyo ba. Da rana ta take, na yi wa Luba magana ta yi shiru. Muka sauke ta, kanta ya langaɓe. Na girgiza ta, na kira sunanta, na ce ta yi murmushi, na ce don Allah, na ce don ubanta da ke kabari. Rifkatu tana addu'a irin tasu, ni ina tawa. Can sai ido ya buɗe, leɓe ya ja, gefe biyun daidai. Rifkatu ta karɓi goyon, muka ci gaba.

A Asamaka, garin farko a ɓangaren Nijar, akwai tantunan likitoci. Suka sa mata ruwa a jijiya, daga baya aka wuce da mu inda aka ƙara mata jini. Likitan Bahaushen Nijar ne, mai magana a hankali.

"Malama, ƙwaƙwalwa lahiya lau, Allah ya tsare. Amma hannun ga, ƙasusuwan sun rugurguje, kuma an daɗe ba a duba ba."

Yatsu biyu sun riga sun mutu, aka cire su. Sauran suka warke a ƙage, ba sa buɗuwa, ba sa rufuwa. Na tambaye shi ko in ci gaba da totuwa. Ya girgiza kai, ya ce in koya mata hagu, da shi za ta rayu. Faɗa ya fi aikatawa sauƙi. Duk tsawon hanyar dawowa, daga wannan sansani zuwa wancan, in an ajiye abinci sai ta ɓoye hagun a bayanta ta buɗe baki. Na lallasa, na yi faɗa, har na ɗaga hannu zan make ta, sai na tuna yawan waɗanda suka riga ni. Na ci gaba da ba ta a baki.

A Malumfashi muka rabu da Rifkatu. Ta kwance haɓar zanenta ta ba ni totuwar, ashe ita ta tsince ta a tsakar gidan Hajiya ranar da aka taka hannun. Muka rungume juna a tasha muna kuka, 'yan acaɓa suna kallo.

Mun iso Funtuwa da kaka, ana shanyar masara a bakin titi. Iya ta tsufa fiye da yadda muka bar ta. Na shigo da shirin faɗa, na tanadi amsar duk abin da za ta ce. Ta jawo Luba ta warware ƙyallen, ta daɗe tana kallon abin da ya rage, ta mayar ta naɗe.

Da yamma aka sauke tuwon sabuwar masara. Yaran gidan suka kewaye kwano, Iya tana kan tabarmarta, ludayin duman nan yana gefenta inda ya saba zama. Luba ta zauna, ta kai hagu baya. Na gutsuro tuwo zan ba ta.

"Bari, Hansai," in ji Iya. "Miƙo min butar can."

Na miƙa mata. Ta kamo hannun Luba na hagu daga bayanta, ta zuba ruwa, ta wanke shi yatsa bayan yatsa, ta goge da bakin zanenta. Luba ba ta kallon ruwan, ludayin take kallo. Iya ta bi idonta. Ta ɗauki ludayin, ta juya shi a hannu, ta cilla shi cikin murhu. Busasshen duma ne, nan da nan ya kama.

"Yi bismilla, Lubabatu. Wanda ya ba ki su biyu shi ya bar miki wannan."

Luba ta kalle ni. Na kwance haɓar zanena, na ciro totuwar da ta je Tamanrasat ta dawo, na tura ta wutar ita ma. Sannan ta sa hannu. Loma ta farko ta zame, miya ta ɓata mata riga. Ta biyu ta isa baki. Iya ta juya kai wajen katanga tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Luba ta cinye malmalarta, ta ce a ƙara mata miya.